Ɗan Ƙaramin Sukuru, Babbar Amana

A watan Disambar 2010, a birnin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila, an tsinci gawar wata budurwa 'yar shekara 24 a banɗakin gidansu. Ƙasa da mako biyu kafin ranar, an kafa sabuwar tukunyar gas mai ɗumama gida a garejin gidan, kuma wanda ya yi aikin bai ɗaure bututun da ke fitar da hayaƙinta yadda ya kamata ba. Bututun ya saɓule, iska mai guba ta cika garejin, ta kutsa cikin gida. A 2012 wata kotu a Bristol ta sami mai aikin da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara uku. Tukunyar sabuwa ce fil, mutumin kuma wannan ce sana'arsa. Abin da ya rage bai yi ba aiki ne na 'yan mintuna, kayansa kuwa ba su cika tafin hannu ba.

Saboda irin wannan ne nake ganin maganar sukuru da noti da mariƙin bututu ta cancanci shafin jarida, ko da yake a ido magana ce ta masu sana'a su kaɗai. Ra'ayina shi ne, a aikin da kuskurensa ke kisa babu wani abu wai shi "kusan daidai". Ko dai an ɗaure bututu da ainihin abin da kamfanin da ya ƙera shi ya ce a ɗaure shi da shi, a wurin da ya ce, da adadin da ya ce, ko kuwa an bar wa mutanen gida tarko a saman kansu.

Mai karatu a Kano ko Damagaram yana iya cewa ina ruwansa da tukunyar da bai taɓa gani ba. Ruwansa shi ne 'yan uwansa. Dubban mutanenmu suna zaune a Landan da Manchesta da Bamingam da Lids: ɗalibai, likitoci, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, da iyalansu. Yawancinsu haya suke yi, kuma mafi yawan gidajen Birtaniya da irin wannan tukunya ake ɗumama su. Turawan suna kiranta boila. Akwati ce da ake rataye ta a bangon kicin ko cikin kabad, tana ƙona gas, tana tafasa ruwan da ke zagaya ɗakuna ta cikin bututai, tana kuma ba da ruwan zafi na wanka. Da hunturu, kwana take tana aiki alhali ƙofofi da tagogi duk a rufe ruf.

Kafin mutum ya gane dalilin da ya sa ɗauri ke da wannan nauyi, sai ya san yadda bututun yake. Tun daga Afrilun 2005, dokar gini a Ingila da Wales ta wajabta cewa kusan duk sabuwar tukunyar gas da za a kafa ta zama irin wadda ke tatse zafin da ke cikin hayaƙi har sai tururinsa ya koma ruwa. Wannan yana rage ɓarnar gas, amma hayaƙin da ke fita ya zama mai ɗumi-ɗumi da laima, ba shi da zafin da zai ɗaga shi sama da kansa. Don haka fanka ce ke tura shi. A tsohuwar hanyar hayaƙi ta bulo, zafi ne ke zuƙar hayaƙin zuwa sama. A wannan sabuwar kuwa, ingiza shi ake yi da ƙarfi, kuma duk abin da ake ingizawa, in ya sami 'yar kafa, ta nan zai fita.

Bututun da aka fi amfani da shi biyu ne a haɗe, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin, mai faɗin milimita 60, yawanci na roba mai tauri, shi ke fitar da hayaƙi. Na wajen, mai faɗin milimita 100, shi ke shigo da iska mai kyau da wutar za ta ci. Idan tukunyar tana nesa da bangon waje, gaɓa-gaɓa ake haɗa bututun, a cusa bakin wannan cikin na wancan, da zoben roba a tsakani. A nan ne masu gaggawa ke ruɗuwa. Suna jin gaɓar ta shiga ta kama, sai su ɗauka an gama. Alhali aikin zoben roba toshewa ne, riƙewa aikin sukuru ne da maɗauri da mariƙin da aka kafe a bango ko a katakon rufi. Tukunyar tana kunnuwa tana mutuwa sau da yawa a yini, bututun yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, fanka tana girgiza shi, iska tana kaɗa bakinsa na waje. Gaɓar da ba a ɗaure ba, a hankali take zamewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da za ta rabu.

Rashin sa sukurun gaba ɗaya shi ne kuskure mafi sauƙin ganewa. Wanda ya fi shi ɓoyuwa shi ne sa wanda ya yi tsawo. Tazarar da ke tsakanin bututun waje da na ciki milimita 20 ce kacal ta kowane gefe. Kamfani yakan haɗo gajerun sukurori a cikin kwali, waɗanda aka auna su don su kama bututun waje su tsaya nan. Idan ɗaya ya faɗi ya ɓace, mai aiki ya zura hannu a aljihu ya zaro na aikin katako mai tsawo, to zai huda na waje ya zarce ya huda na ciki. Daga nan hayaƙi zai riƙa tsiyaya cikin hanyar iska mai kyau, tukunyar ta koma shaƙar abin da ta fitar. Iskar oksijin ta ragu, wutar ta daina ci da kyau, gubar da take haifarwa ta ninka. Duk wannan yana faruwa ne alhali daga waje aikin tsaf yake, gwanin sha'awa, har mai gida ya yaba. Shi ya sa ake da na'urar auna hayaƙi, kuma aka yi wa bututun 'yar kafar da ake zura ta a hanyar iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 20.9 cikin 100. In na'urar ta nuna ƙasa da 20.6, alama ce cewa hayaƙi yana komowa, sai a nemo ta inda yake bi.

Akwai kuma batun irin ƙarfen. Saman silin da jikin bangon waje wurare ne masu sanyi da laima, kuma ruwan da ke tsatsafowa daga hayaƙin yana da tsami mai cin ƙarfe. Sukurun da aka yi don allon filasta na cikin ɗaki ba zai daɗe a irin wannan wuri ba tsatsa za ta cinye shi. Haka nan abin da ke riƙe mariƙi a jikin bulo daban yake da wanda ke riƙe shi a jikin allon filasta ko katako. Mariƙi mai kyau da aka kafe da abin da bai dace da bangon ba, sunansa mariƙi ne kawai.

Sai tallafin bututun kansa. Kamfanoni da yawa suna neman a sa mariƙi kusan kowace mita ɗaya, da kuma duk inda bututun ya yi kwana. Suna kuma neman a ɗan karkata shi zuwa wajen tukunya, kamar digiri 3, wato kusan santimita 5 a kowace mita, don ruwan da ke taruwa ya gangara ya koma ya fita ta hanyarsa. Idan aka ɗora bututun bisa katako aka bar shi, ko aka rataye shi da waya ko igiyar roba, tsakiyarsa za ta lotsa. Ruwa ya kwanta a lotsawar, nauyi ya ƙaru, gaɓa ta fara buɗe baki. Wani kuma sai ya naɗe gaɓar da salatif ya ce ya ƙara mata ƙarfi, alhali ɓoye ta ya yi daga idon wanda zai zo dubawa baɗi.

Kada a fahimce ni da cewa kowane bututu sai an ɗirka masa sukuru. Kamfanonin ƙera tukwane irin su Worcester Bosch da Vaillant da Ideal da Baxi, kowannensu da nasa tsarin. Wani samfurin sukuru yake so, wani maɗauri mai zagaye gaɓa, wani kuma hujin da ba a nema ba lalata shi yake yi. Tukunya da bututunta tare aka gwada su, tare aka ba su shaidar inganci, don haka ba a ɗauko gaɓar wannan kamfani a cusa wa ta wancan don kawai faɗinsu ya zo ɗaya. Abin da ake nufi da ɗauri na daidai shi ne abin da littafin wannan tukunyar ya faɗa. Mai aikin da ya kafa ɗari na wani samfuri, in ya zo kan sabo, wajibi ne ya buɗe littafin, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ake tsoro a duk wannan ita ce iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Alamunta na farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Bature yakan ɗauka mura ce. Namu mutumin kuwa zai ce gajiyar aikin dare ce, ko zazzaɓin da ya taho da shi daga gida, ya sha magani ya ja bargo ya kwanta a ɗakin da ke kashe shi. Alamar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce: in ciwon ya kama mutane da yawa a gida lokaci ɗaya, ko yana sauƙi in an fita waje yana dawowa in an dawo, to a zargi iska kafin a zargi cuta.

Wanda yake ganin an cika zuzuta bambancin sukuru da sukuru, ya tuna abin da ya sami jirgin British Airways mai lamba 5390 ranar 10 ga Yunin 1990. Ya tashi daga Bamingam zuwa Malaga ta ƙasar Sifen, yana cikin hawa sama sai gilashin gaban matuƙi ya fizge ya fice, iska ta zuƙe kyaftin ɗin har rabin jikinsa ya fita waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Sawzamton. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna cewa a cikin notuna 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita ɗaya ba, ragowar 6 kuma sun gaza a tsawo. Ma'aikacin da ya sa su gogagge ne. Cikin dare ya yi aikin, kuma da ido ya gwada sababbin da tsofaffin, bai duba littafin kayan gyara ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gogewa ba ta kare shi daga kuskuren ba, ita ce ma ta ba shi ƙarfin gwiwar yarda da idonsa.

Birtaniya ta koyi wani darasin da tsada. A shekarun da aka yi ta gina benaye masu ɗakunan haya da yawa, an riƙa kafa tukwane nesa da bangon waje, a bi da dogon bututu ta cikin silin, a rufe shi ruf da allon filasta. A 2008 wata matashiya ta mutu a wani sabon gida a yammacin Landan, wanda suke zaune tare kuma ya sami mummunar illa a ƙwaƙwalwa, sanadin irin wannan ɓoyayyen bututu. Bayan haka ne hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki, tare da masu sana'ar, suka fito da ƙa'idar cewa dole a iya ganin bututu daga farkonsa har ƙarshensa. Aka ba masu gidaje wa'adi su buɗe 'yan tagogin dubawa a silin kusa da kowace gaɓa, kuma daga 1 ga Janairun 2013, ma'aikacin da ya tarar da bututun da ba zai iya dubawa ba, zai ayyana tukunyar a matsayin mai haɗari, ya nemi izinin kashe ta. Hikimar a bayyane take. Aikin da aka san ba mai sake ganinsa shi aka fi yi wa ha'inci, saboda haka maganin ha'inci shi ne a bar ƙofar dubawa a buɗe.

Na san abin da wasu masu sana'ar za su ce: sun shekara da shekaru suna haɗa bututu haka, ba a taɓa kiransu an ce wani ya mutu ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Gaɓa tana iya ɗaukar watanni ko shekaru kafin ta rabu, lokacin da mai aikin ya manta ma da gidan. In wani ma'aikacin ya zo duban shekara ya tarar da ita ya gyara, na farkon ba zai taɓa ji ba, sai ya ci gaba da ƙirga sa'arsa a matsayin gwaninta. Wasu kuma za su ce ai yanzu akwai ƙararrawar gargaɗi ta kabon monoksayid. Gaskiya ne, tun 1 ga Oktoban 2022 doka a Ingila ta wajabta wa masu ba da haya su sa ta a duk ɗakin da ke da kafaffen abin ƙona makamashi, ban da murhun girki na gas. Amma ƙararrawa tana da wa'adin aiki, batirinta yana mutuwa, ana kuma iya kafa ta a inda bai dace ba. Ba ta hana guba fita, tana dai sanar da cewa ta riga ta fita. Wanda ya sassauta ɗauri don ya dogara da ita, ya mayar da katangar ƙarshe ta zama ta farko.

Akwai kuma maganar da ta fi kusa da bakinmu, wato tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma imanin bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba. Shari'ar Musulunci kanta ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure, balle wanda ya san abin da ya kamata ya yi, ya ƙi yi don yana sauri. Iyalin da suka ba ka kuɗinsu suka kwanta barci a ƙarƙashin aikinka, amanar ransu suka damƙa maka, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Adalci kuma shi ne kada a jibga wa mai riƙe da sukurudireba laifin shi kaɗai. Kamfanin da ke biyan ma'aikaci gwargwadon yawan tukwanen da ya kafa, yana kuma matsa masa ya gama ya wuce gida na gaba, yana da kaso. Mai gidan da ya tara farashi uku ya zaɓi mafi araha ba tare da ya tambayi abin da aka rage ba, shi ma yana da kaso. Araha ba ta ado, kuma a aikin gas abin da ake fara zaftarewa don a sauko da farashi shi ne abin da ido ba ya gani: mariƙi biyu a saman silin, da rabin awar gwaji a ƙarshe. Dokar gas ta 1998 ta wajabta wa duk wanda ya taɓa tukunya ya tabbatar nan take cewa hanyar hayaƙi tana aiki, iska tana isa, kuma na'urar tana ci lafiya. Wannan gwaji yana cikin aikin, ba alfarma ba ce da za a yi in lokaci ya rage.

Ga 'yan uwanmu da ke haya a can, ina roƙon a daina jin nauyin tambaya. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, ba ma son a ce mun tuhumi wanda ya zo yi mana aiki. A wannan wuri kawaici cutarwa ne. Duk mai taɓa gas a Birtaniya dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a Afrilun 2009, kuma yana da kati mai hotonsa da lambarsa, bayansa an jera irin ayyukan da aka yarje masa. A nemi ganin katin. Wajibi ne mai gida ya sa a duba kayan gas da bututunsu duk wata 12, ya ba ɗan haya takardar sakamakon cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa kafin ya tare. A nemi takardar. In ma'aikaci ya zo, a tambaye shi ko ya bi bututun ya ga kowace gaɓa, a ce ya nuna. In an ga tabon ruwa a silin ta inda bututun ya bi, ko tabon baƙi kusa da tukunya, a kashe ta a kira ma'aikaci. In ƙararrawa ta yi kuka ko an ji alamun guba, a buɗe tagogi, a fita da kowa waje, a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999, sannan a nemi likita.

Mu da ke gida ba mu da irin wannan tukunya, amma gubar mun san ta. Ita ce ke fitowa daga janaretan da aka shigar cikin gida don tsoron ɓarayi, da kaskon gawayin da aka rufe ɗaki da shi lokacin sanyi, kuma an sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Ɗabi'ar ma mun san ta, ita ce "a yi maneji". Tiyon tukunyar gas ta girki da ya kamata a matse shi da maɗaurinsa na ƙarfe, sai a naɗe shi da tsohuwar robar taya ko guntuwar waya. Haɗarin a nan gobara ce da fashewa, amma tushen ɗaya ne: an maye gurbin abin da aka yi don aikin da abin da ya zo hannu. Yanzu da gas ɗin girki ke ƙara shiga gidajenmu, wannan ɗabi'a ce da ya kamata iyayen gida a kowace sana'a su cire ta daga zukatan yaransu tun suna koyo.

Maneji yana da wurinsa, kuma talauci ya koya mana shi a abubuwa da yawa da ba laifi. Inda numfashin mutane yake, ba wurinsa ba ne. Ma'aikacin da ya buɗe kwali ya ga sukurun da ya dace babu, ko mariƙi bai isa ba, abu ɗaya ne ya rage masa: ya rufe gas, ya gaya wa masu gida gaskiya, ya je ya nemo na daidai, ya dawo gobe. Za su kwana cikin sanyi, wataƙila su yi masa tsegumi, wataƙila ma ya yi asarar kuɗin yini. Duk wannan abu ne da ake iya biya, kuma mai sana'ar da ba zai iya ɗaukar wannan asara ba bai cancanci a ba shi aikin gas ba.